Awarwaron Inna a Kaset ɗin Baba

Shekarun baya, lokacin ina haya a wani gida a Ɗan Iya, cikin garin Bauchi, na kamu da wata cuta da ba a kwantar da mutum a asibiti saboda ita, wato son hedifon. Ba ƙananan nan da ake sayarwa a bakin tasha ba. Manyan nan nake nufi, masu rufe kunne ruf, waɗanda sai an jona su da wani ɗan akwatin ƙara ƙarfi da ake kira amfilifaya kafin su yarda su buɗe baki. Yau ko tunawa na yi sai in ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya. To amma wani ya tambaye ni a nan makon jiya wanne ya fi tsakanin mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya, na yi shiru ban ba shi amsa ba. Bari in faɗi dalilin shirun.

Asalin maganar kaset ne. Mahaifina baduku ne a Ƙofar Dumi, yana da yaya da ya tafi Makka ya zauna can. A zamaninsu ba waya, wasiƙa kuwa sai an nemi mai rubutawa a nan, a nemi mai karantawa a can, sirrin gida ya bi ta hannun mutum biyu. Saboda haka sai mutum ya ari rikoda ya zauna ya yi maganarsa a kaset, ya ba wani maniyyaci ya kai. Mahaifina ya yi irin wannan kaset ɗin watanni kaɗan bayan an kawo masa mahaifiyata. Ya rasu ina sakandare. Da yayan nasa ya tsufa ya dawo gida gaba ɗaya, sai ga kaset ɗin a ƙasan akwatinsa, a naɗe cikin tsohon hirami. Duk duniya nan ne kaɗai muryar Baba ta rage.

Na kwafe shi a kwamfuta don kada zaren ya tsinke wata rana, na ɗauki matata muka je na kunna wa mahaifiyata.

Sai na yi bayani kaɗan a nan. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona. Idan tana son wani abu a wurina, bango take gaya wa, ko ƙofa, ko matata, ni kuma ina zaune a gefe ina ɗauka. Na girma a haka, bai taɓa damuna ba.

Muka zauna a tsakar gida muryar Baba tana fita ta 'yar lasifikar kwamfuta. Yana ba yayansa labarin damina, da tsadar fata, da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Can wajen ƙarshe ya ce, "Iyali ma suna gaishe ka." Sai ya ɗan yi shiru, sai kuma ya fashe da dariya babu gaira babu dalili, ya ce, "To, ka dai ji." Na sha jin wurin nan ban gane abin da ya ba shi dariya ba.

Inna ta dubi ƙofar ɗakinta ta ce, "Ina ciki."

Matata ta ce, "Cikin me, Inna?"

"Cikin abin nan. Ranar ina bayan labule. Amarya ai ba ta ɗaga wa yayan miji murya, ko da a rikoda ne. Da ya ce iyali na gaisuwa sai na miƙo hannu na girgiza awarwarona, sau uku. Shi ne ya yi dariyar." Ta gyara mayafinta. "Kunnena ya yi nauyi yanzu, ban ji su ba. A ce wa mai kayan jin sautin nan ya saurara mini, ko suna nan."

Tun da nake da ita ba ta taɓa roƙona wani abu na kanta ba sai ranar. Na ce wa matata ta gaya mata an gama.

Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, lokacin ina da hedifon ɗaya mai tsada, raina kuma yana kan na biyu, ina neman hujjar da zan kai gaban matata. Sai ga hujja ta faɗo mini daga bakin uwata. Wa zai hana ɗa sayen abin da zai ji awarwaron mahaifiyarsa da shi?

Na farkon nawa ɗan Jamus ne, launin toka, bayansa raga-raga a buɗe. Ba shi da kwalliya ko kaɗan. Abin da ya iya shi ne murya. Idan mawaƙi ya buɗe baki sai ka ji kamar tabarma ɗaya kuke zaune, kana jin inda ya ja numfashi da inda miyau ya sarƙe shi. Gangarsa ba ta da nauyi sosai, ba ya kuma baza kayan kiɗa nesa da juna, kowa yana nan kusa da kai a ɗaki ɗaya. Amma za ka yi awa uku da shi ba ka gaji ba.

Na biyun da na sayo da sunan Inna ɗan Japan ne, rufaffe, kofunansa na katako ja mai sheƙi. Kuɗinsa a lokacin zai sayi babur, ina kuwa zuwa ofis a keke-napep. Shi sautinsa kauri gare shi da ɗumi. Idan aka buga ganga sai ka ji ta a haƙarƙari, garaya kuma ta yi zaƙi fiye da yadda take a fili. Yana ƙara wa kowace waƙa mai, har wadda ba ta buƙata. Matsalarsa ɗaya, waɗanda suka ƙera shi ba su san Bauchi a watan Afrilu ba. Minti ashirin gumi ya cika maka kunne, fatar ta manne, sai ka cire kana fifita da hannu. Don haka yawancin lokaci yana rataye, ɗan Jamus ne a kaina.

Na ukun ba nawa ba ne, na abokina ne. Malami ne a jami'a, yana zaune a Yelwa, mutumin kudancin jiha, shi ne kuma mai koyar da mawaƙan cocinsu. A wani shagon gyaran rediyo muka haɗu, muna neman waya iri ɗaya, tun daga nan muka gane ciwonmu ɗaya ne. Nasa hedifon ɗin irin masu faifan maganaɗisu ne, faffaɗa, buɗaɗɗe, da nauyin da sai wuyanka ya gaya maka washegari. Amma fa idan ka sa shi sai ɗakin ya buɗe. Mai kalangu yana can dama, mai goge yana hagu nesa kaɗan, 'yan amshi a baya, kowa da filinsa. Gangarsa tana sauka ƙasa sosai ba tare da ta yi ɗumi-ɗumi ba. Siraran sautuka kuwa, irin su kacau-kacau da ƙarar ƙarfe, yana fito da su da kaifi. Abokina yana cewa kaifin ya yi yawa. Ni kuma ina cewa daidai ne, ƙila ma da saura.

Duk Asabar bayan azahar yake zuwa, kafin ya wuce koyar da waƙa. Mu shimfiɗa su uku a kan tebur kamar masu sayarwa, mu ari ɗankwalin matata mu ɗaure wa ɗayanmu ido, wai gwajin makafi muke yi don kada suna ko tsada su ruɗe mu. Alhali da an ɗora maka a ka ka san ko wanne ne, ɗaya nauyi, ɗaya zafi, ɗaya sakayau. Manyan mutane biyu, masu iyali, ɗaya da furfura a gemu, muna zaune da ɗankwali a fuska muna gyaɗa kai. Matata takan leƙo ta ajiye mana zoɓo ta ce, "Allah ya ba ku lafiya," ta fita.

Bayan ya tafi sai in zauna in rubuta dogon sharhi in tura wani zaure da muke da shi a waya, na masu irin wannan larurar. A can ana ji da ni. Idan gardama ta kaure sai a ce a jira mutumin Bauchi, kunnensa ba ya ƙarya. Ni ma na yarda da hakan.

Abin da ba na rubutawa a sharhin shi ne janareta. Bayan tagar ɗakina akwai mai sayar da ƙanƙara, yana da wani ƙaton inji da yake tayarwa da zarar an ɗauke wuta, ana kuwa ɗaukewa kusan kullum. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Shi kuwa hedifon mai buɗaɗɗen baya, yadda yake fitar da sauti waje haka yake shigo da na waje ciki. Masu yabonsa a intanet suna zaune ne a ƙasashen da ake jin tafiyar agogon bango. Ni ina jin injin ƙanƙara a tsakiyar kowace waƙa. Maganin da na samo mai sauƙi ne, in murɗa amfilifaya sama har kiɗan ya danne injin. Idan na dawo daga aiki haka, Asabar da Lahadi haka, shekara da shekaru. Wani lokaci idan na cire sai in ji wani siririn kuka a kunnena, kamar sauro ya maƙale a ciki. Nakan ce gajiya ce.

Kaset ɗin Baba kuwa ban taɓa kunna wa abokina ba. Wannan nawa ne ni kaɗai. Na saurari wurin dariyar nan da ɗan Jamus, na saurara da na katako, na ari na abokina na kwana biyu na saurara da shi. Na rage, na ƙara, na maimaita har na haddace yadda Baba yake jan numfashi kafin ya ce "iyali". Abin da nake ji tsakanin maganar da dariyar shi ne shuuu ɗin tsohon kaset kawai. Ba awarwaro, ba alamarsa.

Na je Ƙofar Dumi da cikakken bayani irin na masana. Na ce wa matata ta gaya wa Inna cewa kaset idan ya tsufa siraran sautuka ne suke fara gogewa, ga zafin Makka, ga shekaru, ga rikodar ma ta aro ce mai arha. Na ce na gwada da kayan da babu irinsu a garin nan, babu komai a wurin.

Inna tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To. Ashe sun goge." Can kuma ta ce wa farantin, "Shi dai yana nan ai. Ya isa."

Ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma ƙara cewa a kunna mata kaset ɗin ba. Ni kuwa na koma gida da sakakkiyar zuciya, na yi aikina, na faɗi gaskiya. Haka muka yi shekara biyu.

A cikin shekarun nan akwai abubuwan da ya kamata su tsayar da ni. Matata ta fara cewa ba na amsa sallama. Na ce ba ta ɗaga murya. A ofis idan mutum uku suna magana lokaci ɗaya sai in riƙa kallon baki. Na ce matasan yanzu cin magana suke yi. Wata damina ma na ce mata na lura gyare sun ƙaura daga unguwar nan, tun da aka fara feshin maganin sauro ba a jin kukansu. Ta dube ni ta ce, "Gyaren da suka hana ni sakat jiya?" Na ɗauka zolaya ce. A zaure kuma na rubuta cewa ɗan Jamus ɗina ya fara dishewa da tsufa, na ba da shawarar a riƙa ƙara masa siraran sautuka. Mutum biyu suka yi mini godiya.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce kamar kowace. Na yanke shawarar sayar da ɗaya daga cikin nawa biyu, na ce wa abokina ya zo mu yi gwajin ƙarshe. Aka yi sa'a akwai wuta, injin ƙanƙara yana hutawa, unguwa tsit. Muka fara da wata waƙar mawaƙansa da ya ɗauka a coci. Na saita ƙarfin yadda na saba na miƙa masa. Yana ɗorawa ya fizge shi daga kansa.

"Haba mutumina! Kashe ni za ka yi? Wannan ai lasifikar tasha ce."

Na ce, "Kai dai kunnenka na jarirai ne."

"A'a, Oga. Na daɗe ina so in gaya maka. Kullum in ka miƙo mini sai na rage rabi, kana kallo kana dariya."

Na share maganar. Na ce tunda abin da ya rage mu tantance shi ne murya, bari in kunna masa wata murya da na fi sani fiye da kowace. Ban gaya masa komai ba, na ce dai mahaifina ne, tsohon kaset. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya gyara zama, ya sa ɗan Jamus, ya rage ƙarfin, ya rufe ido.

Ina kallon fuskarsa. Da aka zo wurin sai na ga ya yi murmushi tun kafin lokacin dariyar ya yi.

Ya cire ya ce, "Wace ce a bayansa?"

Na ce, "Ba kowa. Shi kaɗai ne."

"Akwai mace. Ko dai wani mai abin hannu. Ya ce iyali suna gaisuwa, sai aka kaɗa ƙarfe, cas, cas, cas, sau uku. Irin awarwaron nan na da. Shi ne ya ba shi dariya ai."

Ban san me fuskata ta nuna ba. Shi dai bai lura ba, cutar ta motsa masa. Ya ɗauki na katako ya maimaita wurin. Ya ce a nan sun ɗan lafa, kamar an kaɗa su a cikin mayafi, amma suna nan. Ya ɗauki nasa. Ya ce, "Kai! A nan har ina jin daga ina suke. Ta hagu take, nesa kaɗan, kamar akwai labule a tsakani. Na ukun ya fi na farko ƙarfi, kamar ta ƙara samun ƙarfin hali. Kuma ba ƙarfen banza ba ne wannan, yana da dogon amo. Azurfa ce, ko?"

Na karɓa na sa. Na mayar da wurin. Baba ya ce iyali suna gaishe ka. Shuuu. Dariya.

Na murɗa sama. Abokina ya riƙe hannuna a kan amfilifayar ya ce, "Kada ka ƙara. Daga nan inda nake zaune ina jin su suna fitowa ta bayan hedifon ɗin."

Na ƙwala wa matata kira. Ta zo da hannu duk kumfar wanki. Na tura mata wurin a wayarta, ta goge hannu a zane, ta cusa ɗan iyafis ɗinta na kasuwa a kunne, wanda kunne ɗaya ma ya mutu. Ta saurara sau ɗaya. Sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, Inna! Ga su nan, wallahi ga su nan." Sai ta dube ni. Sai ta daina murna.

Abokina ya tattara kayansa a hankali ranar, bai ko shanye zoɓonsa ba. A bakin ƙofa ya ce, "Litinin zan zo in kai ka a duba ka. Ba shawara nake ba ka ba."

A asibiti aka shigar da ni wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ɗora mini wani tsohon hedifon baƙi wanda da a gida ne ko kallonsa ba zan yi ba. Likitar, wata mace mai fara'a, ta ba ni maɓalli ta ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Da farko ina ji ina dannawa, har da ɗan alfahari. Can sai aka yi shiru. Na zauna ina jiran ta ci gaba. Ta cikin gilashi ina ganin yatsanta yana danna wani abu, tana ɗagowa tana kallona, tana ƙara dannawa, ni kuma ina mata murmushi irin na mai haƙuri da jinkirin ma'aikata.

Da muka fito ta ce, "Malam, walda kake yi ko injin niƙa?"

Na ce ofis nake, takardu kawai.

"To me kake sa wa kunnenka?"

Abokina ya yi tari ya kalli silin. Na ba ta labari a taƙaice, har da injin ƙanƙara. Ba ta yi dariya ba, na so ma a ce ta yi. Ta nuna mini takarda mai layi biyu, kowanne ya tafi daidai sannan ya gangara ta gefen siraran sautuka, na hagu ya fi zurfi. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage ana iya riƙe shi, idan na ga dama.

A hanyar dawowa cikin keke ba kunnena nake tunani ba. Farantin shinkafar nan nake gani. Mace ta riƙe abu ɗaya shekara arba'in da wani abu, gaisuwarta ɗaya tilo da ta shiga rikoda tare da muryar mijinta, ta danne kunyarta ta roƙi ɗanta na fari ya duba mata, ni kuma na je da bayanin zafin Makka na ce mata an goge ta. Ban ko ce wa matata ta saurara ba, tana ɗaki ɗaya da ni. Me za ta ji da iyafis ɗin kasuwa wanda ni ban ji ba?

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya zuwa Ƙofar Dumi. Muka same ta a ƙofar ɗaki bayan la'asar. Na gaishe ta, ta amsa wa ginshiƙi kamar kullum. Wannan karon ban bi ta kan matata ba.

Na ce, "Inna, suna nan. Awarwaron. Sau uku, na ukun ya fi ƙarfi. Ba su goge ba."

Ta ce wa ginshiƙin, "An ji su?"

"An ji."

"Wa ya ji?"

Matata ce ta amsa, ta faɗi na abokina, ta faɗi nata, ta faɗi na likita, ba ta rage komai ba. Ina zaune kaina a ƙasa ina jiran faɗa, ko kuka, ko ma dai shirun nan nata da ya fi duka biyun.

Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Muna jin tana sauke kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da wani ƙullin tsumma, ta zauna ta kwance. Awarwaron ne, guda huɗu, sun yi baƙi, sirara. Na ma manta da su, ashe tun rasuwar Baba ta cire. Ta zura su da ƙyar, don gaɓoɓinta sun kumbura. Sannan ta matso inda nake, abin da ban tuna ta taɓa yi ba tun ina yaro, ta kama kaina da hannu ɗaya ta juya shi kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Ta kai ɗaya hannun saitin kunnena na hagu ta girgiza.

Ina ganin hannun yana motsi ta gefen ido. Iyakar abin ke nan.

Ta juya kaina ɗaya gefen, ta kai hannun dab da kunnen dama, har ina jin sanyin ƙarfen a kumatuna. Ta girgiza. Can nesa, siriri, kamar daga gidan maƙwabta, na ji. Cas. Cas. Cas.

Ta dube ni, ni ɗin, cikin ido, ta ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Ta saki kaina ta koma wurinta ta ce wa matata shinkafar jiya da saura, a ɗumama mana.

Na sayar da na katako. Zauren ma na fita, bayan na rubuta musu cewa duk sharhin da na yi a shekarun ƙarshe su zubar, kunne mai rauni ne ya rubuta. Wasu suka yi mini jaje, wani kuma ya tambaye ni ko nawa zan sayar da amfilifayar. Ɗan Jamus yana nan. Matata ta ɗiga jan-farce a jikin abin murɗawa, ta ce nan ne iyakata, ban kuma taɓa wucewa ba. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da inji sai in cire in rataye in zauna haka nan. Abokina yana zuwa har yanzu, ba kowace Asabar ba, mun daina ɗaure ido. Yakan saurara ya gaya mini abin da ke can sama inda ba na kaiwa, ni kuma in yarda da shi, wanda da can ba na yi.

Shi ya sa ban amsa tambayar makon jiya ba. Ina da ra'ayi, har yanzu ina iya yin awa guda a kan bambancin gangar wannan da ta wancan. Amma na gaji da jin kaina ina yanke hukunci. Na yi shekaru ina auna kayan mutane da ma'aunin da ban taɓa kai shi an duba ba, kuma wadda ta biya kuɗin kuskuren ba ta taɓa sa hedifon a kanta ba. Idan dole sai na ce wani abu, to ka sayi wanda kake so, ka rage ƙara, idan kuma wani ya ce yana jin abin da ba ka ji, kada ka yi masa bayani.

Inna ba ta cire awarwaron ba tun ranar. Sunana dai har gobe ba ta kira, idona ma sau ɗaya ɗin nan ne. Amma idan na shiga gaishe ta nakan zauna in ba ta gefen dama, ita kuma ta amsa wa ginshiƙi, sannan ta miƙo hannu ta girgiza sau uku. Da sallar da ta wuce na zauna ina jira, ina jira, sai matata ta taɓa ni ta ce ai ta yi. Inna ta jawo tabarmarta ta ƙara matsowa, ta sake.